Lalle a Gidan Makoki

Matan Hausawan Omdurman na zamanin su Barira ba da lamba suke ƙirga shekaru ba. Ka tambayi tsohuwa yaushe ta haifi ɗanta, sai ta ce maka, "Ana gobe bikin wance," ko kuwa, "Ina goyonsa aka yi bikin gidan mai agashe." In ba biki kusa da haihuwar, sai a kama abin da ya samu: shekarar tsadar dawa, shekarar ƙyanda, shekarar da wane ya mutu. Da abin da aka liƙa wa mutum zai tashi, har ya yi furfura ana tuna haihuwarsa da shi. Akwai wani dattijo a unguwar, da jikokinsa da komai, in ana lissafin shekarunsa sai an ambaci gobarar kasuwa, sai ka ce shi ya kunna ta.

Barira ta san zafin wannan, don ita ma an liƙa mata. A wani kambo, wato zangon leburori, na Jazira aka haife ta, cikin bukkokin 'yan ƙwadagon auduga. Iyayenta sun baro ƙasar Haɗeja a ƙafa da niyyar Makka, guzuri ya ƙare a hanya, suka ce bari su yi kaka ɗaya su ƙara gaba. Kakar ba ta ƙare ba har suka mutu. An haife ta ana tsakiyar tsinkar auduga, lokacin da ko mara lafiya ba a ɗaga wa ƙafa. Ranar suna aka kira wani malami ya raɗa mata suna a gindin bukka, aka raba dabino, kowa ya ɗauki buhunsa ya koma gona. A shekarar ne fara ta cinye dawa, saboda haka ta tashi ana ce mata Barira ta shekarar fara. Tun tana yarinya ta tsani sunan nan, ta sha dambe a kansa a bakin rijiya.

Bayan an sami 'yancin kai mijinta Ishaku ya sami aiki a wata masana'anta a Bahri, suka tattaro suka dawo Omdurman. Shi kullum yana kan gadar kogin da ya raba Bahri da Omdurman, safe da yamma. Ita kuma ta kafa tirenta na soyayyar gyada a bakin tashar motocin Suk al-Shabi, inda ta koyi Larabcin ciniki da na faɗa, na biyun ya fi zama a bakinta. Amma ba da gyada aka san ta ba. Barira ita ce uwar biki a unguwar. Aure ne, suna ne, kaciya ce, ita za ta ce tukunya nawa za a ɗora, ita za ta raba 'yan mata aiki, ita za ta kifa ƙwarya a kwanon ruwa ta fara kiɗa. In ta kama hanci ta rangaɗa guɗa, mai wucewa a titi ma ya san an fara.

Tana da ra'ayi a kan kalmar kanta, kuma ba ta jiran a tambaye ta. Yaran da aka haifa a birni sun fi son su ce hafla. In ta ji, sai ta tsaya da abin da take yi.

"Hafla dabam, biki dabam," in ji ta. "Hafla a yi hayar mawaƙi, a jera kujeru, ku zauna kuna kallo kamar an kai ku silima. Biki ba shi da ɗan kallo. Wadda ba ta daka ba ta tankaɗe, wadda ba ta tankaɗe ba ta riƙe wa wata goyo."

Wata rana wata yarinya mai karatun boko ta ce mata ai duk ɗaya ne, murna ce dai. Barira ta dube ta sama da ƙasa.

"Murna a ciki take, kowa na iya yin tasa shi kaɗai a ɗaki. Biki kuwa shaida ne. Mutane su bar aikinsu, su kashe ranarsu, su zo su ce mun gani, wannan namu ne. Shi ya sa ba a aike. Da ƙafa ake zuwa."

Haihuwa ta yi ta da dama, amma uku suka tsaya: mata biyu da aure ya kai su Gadarif, da ɗan farinta Ɗantani. Barira ta riƙe kunyar ɗan fari irin ta mutanen da, wadda 'yan birni suka fara yi wa dariya. Ba ta taɓa kiran sunansa ba, na yanka ko na laƙabi. Yana ƙarami "kai yaro" ne. Da ya girma ya zama mai walda a wani gareji a Alshajara, ya auri Sakinatu, sai ya koma "mutumin ɗakin can". In ya kawo mata tsaraba ba ta godiya a gabansa, sai ya fita ta juya abin a hannu tana murmushi. Son da take masa ya fi ƙarfin bakinta, kuma shi ma ya sani. Bayan rasuwar Ishaku, shi ya riƙe gidan.

Sai shekarar ambaliya ta zo. Ruwa ya sauka kamar da bakin ƙwarya, katangun laka suka zube, gidajen unguwar suka koma ana hango juna ta shingen buhu da langa-langa. Da ruwan ya janye sai sauro ya karɓi gari. Ɗantani ya dawo daga aiki wata rana yana rawar sanyi cikin tsakar zafi, ya ce gajiya ce. Kafin sati ya zagayo an kai shi makwancinsa. Sakinatu na da cikin fari, wata ya tsaya.

Aka shimfiɗa tabarmi. Maza suka zauna a rumfa a waje, mata a tsakar gida a ƙasa. Zama da Larabawa ya sa Hausawan unguwar sun ɗauki makoki irin nasu, har sun so su fi su. In aka yi rasuwa, matan maƙwabta kaf za su ajiye lalle da turare da tob mai launi, wato dogon mayafin da matan ƙasar ke naɗawa, su sa fari ko mai duhu, har a yi arba'in. Wani aure da aka sa rana a layin aka ɗaga shi. Barira ta zauna tana karɓar gaisuwa, idonta a bushe, don uwa ba ta kuka da ɗan fari a gaban mutane. Wasu suka ce tauri gare ta. Ba su ga yadda take tsayawa a bakin ɗakinsa da hantsi ba, ta manta abin da ya kawo ta. Ciwon ya ci ta har ƙashi.

Ba a yi sati biyu ba Sakinatu ta sauka, mace. Ba wadda ta yi guɗa. Ungozoma ta yanke cibi ta wanke jaririya shiru, kamar ana aikin sata. 'Yan barka suka riƙa shigowa da muryar gaisuwar mutuwa, su leƙa fuskar yarinyar su girgiza kai.

"Allah sarki, Talle," haka kowace ke cewa, sunan da ake ba wanda ya buɗe ido ba uba ko ba uwa. "Allah ya raya Talle."

Barira ta haɗiye wannan. Abin da ya ƙi haɗiyuwa daga bakin Kubra ya fito, ƙawarta ta tun Jazira, wadda suke kiɗan ƙwarya tare. Kubra na raka wata baƙuwa ƙofa, ba da mugun nufi ba, ta ce, "Ita dai haihuwarta ba za ta ɓace wa kowa ba. Cikin makokin Ɗantani aka haife ta."

Barira na zuba ruwa a randa ta ji. Ta tsaya da bokiti a hannu. Ta hango yarinyar nan ta yi wayo, ta isa aure, ta haifi nata, duk inda aka tashi lissafin shekarunta sai an tono kabarin ubanta. Ta san kuma yadda bakin mata yake tafiya. Yau tausayi ne, gobe in yarinyar ta yi faɗa da 'yar wata a bakin famfo, za a ce mata mai farar ƙafa, wadda ta kori ubanta tun tana ciki. Ta ajiye bokitin ta ce a ranta, ba a gidana ba.

Washegari Malam Ƙasimu ya shigo. Ƙanin Ishaku ne, mai makarantar allo a bayan masallaci, shi ne babba a dangi yanzu. Da can shi da Barira abokan wasa ne, kamar kowace mace da ƙanin mijinta, ba sa haɗuwa ba su tsokani juna ba. Yau ya zauna a bakin tabarma ya yi ƙasa da murya.

"Yaya Barira, ga yadda na tsara. Ranar suna bayan asuba mu taru mu kaɗan, a raɗa suna, a yanka rago, a raba nama gida gida. Kalas, shi ke nan. Allah ya ba mu haƙuri."

"Madalla," in ji ta. "Wannan naku ne na maza. Mu kuma da la'asar sai biki."

Ya ɗaga kai. Ya zaci bai ji daidai ba.

"Biki kamar yaya?"

"Kamar yadda aka yi wa 'ya'yanka bakwai, ni na dafa. Tuwo, ƙwarya, guɗa."

"A gidan nan? Ƙasar kabarinsa ko bushewa ba ta yi ba."

"Malam, haramun ne?"

Malam Ƙasimu ba mai murɗa gaskiya ba ne, ko da za ta taimake shi. Ya shafa gemu ya ce, "Addini bai hana ba. Ita mai jegon ma takabarta ta sauka da haihuwa. Kunya ce ta hana. Me Larabawan layin can za su ce? Sun rufe rediyonsu saboda mu, sai su ji kiɗa daga gidan mamacin? Da ma yaya suke kallonmu?"

"Yadda suke kallonmu tun muna tsinkar musu auduga. Makokinmu bai ƙara mana daraja a idonsu ba, bikinmu ba zai rage ba."

"To namu mutanen fa? Za a ce ba ki ji mutuwar ɗanki ba."

Nan ne muryarta ta ɗan karye, amma ta tattaro ta. "Wanda ya tafi ya sami nasa. An yi masa wanka, an yi masa salla, unguwa duka ta zauna masa a ƙasa. Ita wannan da ta zo, wa ya tashi tsaye dominta? Bikin Magaji ba ya hana na Magajiya, Ƙasimu. In kuwa biki bai hana biki ba, ban ga dalilin da makokin uba zai cinye ranar 'yarsa ba."

Ya miƙe yana kakkaɓe riga. "Ni dai ba da yawuna ba. Zan raɗa suna in tafi."

"Ka raɗa da kyau. Sauran ba aikin mai gemu ba ne."

Ana jibi suna Barira ta fito da turmi ta daka lalle. Ƙamshinsa ya bi ta shingen buhu ya shiga gidajen maƙwabta, kowa ta san me ake ciki. Ta kwaɓa shi ya kwana. Da safe ta aika a kira Kubra, don mutum ba ya ƙunsa wa kansa hannu biyu. In ka ɗaure hagu da dama, wa zai ɗaure maka daman? Shekara da shekaru su suke ƙunsa wa juna.

Kubra ta zo ta tsaya daga nesa da kwanon, kamar wuta ce a ciki.

"Barira, ki ji tsoron bakin duniya. Ni ba zan sa hannuna a wannan ba. Ɗantani a bayana ya yi barci sau nawa?"

"To ki je. Na gode da zuwa."

Ta zauna a tsakar gida ta shafa wa hannun hagu, ta naɗe da tsumma, ta ja ƙullin da haƙori. Sannan ta zauna tana kallon hannun dama. Ta gwada da yatsun da ke cikin ƙunshi, lallen ya zube a zaninta. Ta sake gwadawa, ya sake zubewa. Haushi ya kama ta.

Sakinatu na kallonta daga ƙofar ɗaki. Yarinya ce 'yar birni, Larabci ya fi saurin zuwa bakinta, kuma tun rasuwar ba a ji ta haɗa magana mai tsawo ba. Ta kwantar da jaririyar ta fito a hankali, irin tafiyar mai jego, ta durƙusa gaban surukarta.

"Inna, ni ba zan iya rawa ba. Wallahi ma bagdar, ba zan iya ba."

"Wa ya ce ki yi rawa? Ki yi wanka, ki sa tob ɗinki mai kyau, ki zauna ki riƙe ta a ga fuskarta. In kuma kin ce a bari, yanzu in wanke wannan. 'Yarki ce."

Sakinatu ta waiwaya ta dubi ɗakin da jaririyar ke kwance. Can ta ce, "Jiya na ji kaina ina ce mata Talle." Ta jawo kwanon, ta kama hannun daman Barira ta fara shafa masa lalle, yatsa bayan yatsa.

Da rana ta yi sanyi Barira ta kwance ƙunshi. Lallen ya kama, ja wur har ya doshi baƙi, ita da kullum take ƙorafin hannunta ba ya kama lalle. Ta yafa tob ɗinta mai ruwan ganye ta shiga gayya gida gida. Ba ta ɓoye hannun a cikin mayafi ba, da shi take buga ƙofa. Magana ɗaya take yi a ko'ina.

"Gobe da la'asar bikin jikata. Mai zuwa ta zo da kayan biki. Mai farin tob ta yi zamanta, na riga na karɓi gaisuwarta."

Wasu suka amsa da "to" suna kallon ƙasa. Wata tsohuwa ta fashe da kuka. Fatna, matar mai shagon layin, wadda aka ɗaga auren ƙanwarta saboda rasuwar, ta riƙe ƙugu ta ce, "Mu muka ɗaga namu don girman ɗanki, ke kuma ki ƙunsa lalle? Ashe mu ne wawaye." Barira ta ce mata, "Ban aiko a ɗaga ba. Ku sa rana, ni zan dafa." Ta wuce gida na gaba.

Ranar suna da sassafe maza suka taru, aka yi addu'a, Malam Ƙasimu ya raɗa wa yarinya suna Hadizatu. Aka yanka rago. Ya fita bai ko sha shayi ba, ya shige masallaci ya zauna. Barira ta ɗora manyan tukwanenta na biki a kan duwatsu, ta tuƙa tuwon da ya isa layi biyu, ita kaɗai da muciya, gumi na bin bayanta. Ta share tsakar gida, ta naɗe tabarmin makoki ta jingine su a bayan ɗaki, ta shimfiɗa masu launi. Ta kawo babban kwano ta cika da ruwa, ta kifa ƙwarya a kai.

Matan unguwa kuwa sun yi shawara a tsakaninsu, sun sami abin da suke gani dabara ce. Za su je, don kada a ce sun ƙi ta. Amma za su je da kayan makokinsu, su zauna shiru, su ci tuwo su tashi. Ta haka ba su ɓata wa mai rai ba, ba su ci amanar mamaci ba. Da la'asar sai ga su a jere, fari fat, Kubra a gaba.

Barira ta tare ƙofa da jikinta.

"Ina za ku?"

"Mun zo suna," in ji Kubra.

"An yi suna da safe, maza sun gama. Yanzu biki ake. Wannan shigar kuwa na san ta, kun yi mini ita sati biyu. Ku koma ku sake."

"Haba Barira. Mun zo, ba shi ke nan ba?"

"Kun zo ku zauna mata a kai kamar an kawo gawa ta biyu. In haka ne gara tsakar gidan ta zauna wayam. Ku koma."

Suka tsaya cirko-cirko. Ba a taɓa korar 'yan biki daga ƙofa a unguwar ba, balle a ce uwar biki ce ta yi korar. Ɗaya bayan ɗaya suka juya, wasu na tsaki, wasu na salati. Barira ta koma ciki. Ga tuwo a rufe, ga tabarmi, ga Sakinatu a zaune da jaririya cikin tob mai ruwan hoda, ba kowa. Ta san in rana ta faɗi a haka, ta jawo wa yarinyar abin da ya fi Talle muni, za a ce wadda aka yi wa biki ba wanda ya je.

Ta zauna gaban kwanon ta ɗauki ludayi biyu. Ta buga ƙwaryar. Sautin ya fita dum, dum, ya bi ta inda katangu suka zube. Ta yi ta bugawa ita kaɗai har hannunta ya sami hanya, sannan ta ɗaga murya. Ba tsohuwar waƙa ta ɗauko ba, a nan take ta ƙaga ta.

"Baƙuwa ta sauka, ku ba ta ruwa,
Ba ita ta zo da kuka ba, tarar da shi ta yi.
Mai tambaya 'yar wa ce, ga amsa,
'Yar Ɗantani ce, Ɗantani nawa."

Sakinatu ta ɗago kai da sauri. A bayan shingen buhu, inda mata suka laɓe suna saurare, aka yi tsit. Mutumin nan ya yi shekara talatin da ɗoriya a duniya, ba wanda ya taɓa jin sunansa a bakin uwarsa. Sai yau, a gaban ƙwarya, da ƙarfi, har da "nawa". Barira ta maimaita baitin. A karo na uku hawaye suka ɓalle mata, suna sauka a kan ƙwaryar, ba ta share ba kuma ba ta sassauta kiɗan ba.

Kubra ce ta fara dawowa. Ta jawo wani jan tob daga ƙasan akwati, duk ya yamutse, ta yafa shi a karkace. Ta shigo fuskarta jage-jage, ba ta yi sallama ba, ta zauna ta fizge ludayi ɗaya daga hannun Barira.

"Ke dai Allah ya shirye ki," in ji ta. "Kina kashe kiɗan, ba ni nan."

Sai ta kama hanci ta saki guɗa. Muryar ta fita a shaƙe, rabi guɗa rabi kuka, amma guɗa ce, kuma duk layin ya ji. Bayanta wasu biyu suka shigo, sai huɗu, sai 'yan mata da ba sa iya jin ƙwarya su zauna. Wata Balarabiya maƙwabciya ta leƙo da kwanon alawa ta ce mabruk, barkarsu ta Larabci, ta zauna. Aka buɗe tuwo. Aka karɓi Hadizatu hannu hannu, kowa ta kira ta da sunanta, don Barira na zaune tana sauraron bakin kowa. Aka yi rawa kaɗan, aka yi kuka da yawa, wani lokaci mace ɗaya na yin duka biyun.

Kada a ƙara wa labari gishiri, ba kowa ya zo ba. Rabin unguwa sun zauna a gidajensu, tuwo ya yi saura har aka kai wa masu gadin tasha. Malam Ƙasimu ya daina wasa da ita, gaisuwa kawai, kuma wasan bai dawo ba har ya bar duniya. Fatna da 'yan bayanta suka yi ta yawo da zancen uwar da ta yi kiɗa a kan kabarin ɗanta. Auren ƙanwar Fatna da aka tashi yi, wata aka kira ta dafa. Wannan ya yi wa Barira ciwo fiye da yadda ta nuna.

Washegarin biki ta naɗe tabarmi masu launi, ta dawo da na makoki, ta sa farin tob ɗinta ta zauna a inda take zama. Makokin ɗanta bai ƙare ba, rana ɗaya ta ara daga cikinsa. Amma lalle ba riga ba ne da za a tuɓe. Duk wanda ya zo gaisuwa ya ɗaga hannu a yi Fatiha, ita ma sai ta ɗaga nata, tafin a buɗe, ja wur. Wasu su kau da kai. Kubra ta ce ta riƙa rufewa da gefen mayafi, ta ce ba sata ta yi da hannun ba.

Ranar arba'in gidan ya sake cika. Cikin masu zuwa har da Gogo, ƙanwar mahaifiyar Barira, tsohuwa tukuf, wadda ruwa ya yanke wa hanya daga Jazira sai yanzu ta iso. Ba ta san komai ba sai rasuwar. Aka riƙo ta har gaban Barira, ta zauna da ƙyar, ta ɗaga hannu. Barira ta ɗaga nata. Lallen tafin ya fara koɗewa, amma farce ya riƙe. Gogo ta shafa Fatiha, sannan ta kamo hannun ta kai kusa da idonta.

"Barira, me nake gani? Lalle? A gidan nan?"

Kafin Barira ta buɗe baki, Fatna, wadda ke zaune can gefe tana jiran irin wannan rana, ta cafe.

"Ai Gogo ba ki da labari. Tun bikin Hadizatu yake hannunta. Mu duk nan muna zaune a ƙasa, ita ta tashi ta yi bikin Hadizatu, da ƙwarya da guɗa."

"Bikin wa?" in ji Gogo, tana karkato kunne.

Barira ta juya ta dubi Fatna. Karon farko tun rasuwar, wani abu mai kama da murmushi ya taɓa bakinta.

"Ɗaga murya, Fatna," ta ce. "Gogo ba ta ji sosai. Sake faɗa mata bikin wa."